Tasoshin Inna da Cikin Sauda

Shekarar da aka sa ranar auren Ruƙayyatu, a shekarar ne Sauda ta yi abin da ita da bakinta ta kira abin kunya: ta samu ciki. Autanta na aji huɗu a firamare, babban ɗanta har ya fara satar rezar ubansa yana kankare haɓa, ita kuma ta rabar da zannuwan goyonta tun tuni, ta ce ta gama. Ashe da sauran aiki.

Duk wanda ya zauna Ƙofar Ran a shekarun nan ya san gidan Malam Abdulsalam mai yadi, in ma bai san maigidan ba ya san masar matarsa. Da sassafe za ka tarar da Sauda gaban tanda tana juya masa, hayaƙi na shiga idonta tana yi masa masifa, Ruƙayyatu kuma na gefe tana zuba wa masu saye miyar taushe. Gida ne na hayaniya da dariya. Ba su da dukiyar a zo a gani, amma ba a taɓa jin kansu ba.

'Ya'yan da Sauda ta haifa huɗu ne, duk maza, irin mazan da in sun zauna gaban akushi sai ka yi musu addu'a. Ruƙayyatu ba ita ta haife ta ba. 'Yar wan Malam ce, uwarta ta rasu ba a daɗe da yaye ta ba, aka kawo ta hannun Sauda tana amarya, ko cikin fari ba ta yi ba. A bayanta ta girma. Ita ta koya mata tafiya, ita ta zauna da ita lokacin ƙyanda, ita ta zane ta ranar da ta bi ƙawaye kallon biki har Gwallaga ba da izini ba. Ita ma yarinyar "Inna" take ce mata, kamar yadda mazan ke faɗa, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa tunanin wannan.

To, akwai tasoshi. A ƙarƙashin gadon Sauda akwai wata tsohuwar adaka, a cikinta akwai tasoshin tagulla aikin Bida, daga babba har 'yar mitsitsiya, kowace na shiga cikin 'yar'uwarta, da zanen ganye a bakinsu. Na kakarta ne, suka zama na mahaifiyarta, suka zama nata. A zamanin da ake jeren kwalla da samira har rufin ɗaki, ba irin kayan da amarya ke yayi ba ne, amma duk tsohuwar da ta shiga ɗaki ta gan su a saman jere ta san yarinyar nan daga gida ta fito. Da marigayiya Inna, mahaifiyar Sauda, za ta ba ta su, magana ɗaya ta yi: "Ki ba 'yarki ranar jerenta." Shekaru suka yi ta tafiya, maza na ta zuwa. Wata rana gab da Salla, suna goge tasoshin da toka da lemun tsami, Sauda ta dubi Ruƙayyatu ta ce, "Goge da kyau, don kanki kike gogewa. Naki ne." Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta ci gaba da dirza.

Ga shi yanzu an sa rana da Ja'afaru, wani malamin firamare mai sanyin hali da ke zaune a Gwallaga. In ka lissafa, bikin zai riga haihuwar da kamar wata biyu.

Sauda ta so ta ɓoye cikin, ta yi ta ɗaura zani a sama tana yafa mayafi ko a tsakar gida. Wa za ta ɓoye wa? Iya Yagana na maƙwabtaka da ita. Tsohuwa ce 'yar Barno, ta zo Bauchi tun tana da ƙuruciya, tana sayar da turaren wuta, kuma rabin unguwar a hannunta suka faɗo duniya. Ta shigo sayen masa wata safiya, ta tsaya tana kallon Sauda tun daga sama har ƙasa, ta ƙi miƙa kwanonta.

"Iya, lafiya? Ko na ci miki bashi ne?"

"Miƙe tsaye."

"Masata za ta ƙone."

"Ta ƙone. Miƙe na ce."

Sauda ta dafa ƙasa ta miƙe. Tsohuwar ta tafa hannu, ta ce, "La'ilaha illallahu! Saude, da girmanki? Kuma da ƙafar hagu kika fara tashi. Mace ce!"

Kafin azahar labari ya zaga Ƙofar Ran har ya dawo. A lokacin hoton ciki sai dai a ji labarinsa a bakin matan ma'aikata, don haka kowace mace likitar kanta ce, kuma kai, mata ba sa ƙin irin wannan aiki. Ciniki ya ƙaru, ba don masa ta ƙara daɗi ba. Wannan ta ce cikin ya baje zuwa kwiɓi, na namiji kuwa tsini yake yi gaba. Waccan ta ce ku dubi hancinta yadda ya buɗe, wuyanta ya yi baƙi, ai ɗiya mace ce ke kwashe kyawun uwarta. Juliana matar Istifanus, mai ɗinki a gidan haya na bayan masallaci, ta ce su a wajensu can Bogoro barci ake dubawa, mai cikin mace ba ta ƙoshi da barci, kuma ita da idonta ta ga Sauda na gyangyaɗi a kan tanda.

"Hayaƙi ne ya sa na rufe ido," in ji Sauda.

"Hayaƙi har da minshari?"

Aka kwashe da dariya, ita ma ta yi. Gaskiyar magana, daɗi take ji. Shekara nawa tana roƙon Allah ɗiya mace, tana kallon 'yan kunnen jarirai a kasuwar Wunti tana kau da kai? Ko Malam Abdulsalam, da ya ce musu su ji tsoron Allah, gaibu nasa ne shi kaɗai, "an ce duniya mace da ciki ce, to ku har kun fi duniya sani," sai ga shi ya dawo daga kasuwa da wani yadi mai 'yan furanni ja, ya ajiye a bakin gado yana kallon wani wuri, wai saura ne ya ƙi sayuwa. Sauda ta juya yadin ta ga sabon yanka ne fil. Ba ta tona shi ba.

Ana cikin wannan jin daɗi ƙanwarta Khadijatu ta zo daga Fadaman Mada. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, amma Khadijatu irin matan nan ce da ba sa tauna magana. Ta ci masa, ta sha kunun tsamiya, ta duba kayan ɗakin da aka tara wa amarya ta yaba. Sannan ta jawo Sauda uwar ɗaki ta saki labule.

"Yaya, ina tasoshin Inna?"

"Suna nan. Za a fito da su ranar jere."

"Jeren wa?"

"Jeren wa kuwa ake yi a gidan nan?"

Khadijatu ta riƙe haɓa. "Yaya, ki yi tunani. Da ba ki da mace, ba wanda ya ce miki uffan, ni ma ban ce ba. Amma yanzu ga 'yarki a cikinki, kowa ya shaida. Inna cewa ta yi ki ba 'yarki. Ruƙayya yarinyar kirki ce, wallahi ina son ta, amma ba jikar Inna ba ce. In tasoshin nan suka shiga ɗakinta sun bar gidanmu ke nan har abada. Gobe taki ta girma ta ce ina na kakata, me za ki ce mata? Naka sai naka, daɗin zama sai bare. Ki ƙara mata kwalla saiti biyu, ni zan sayi ɗaya. 'Yan matan yanzu ma kwallar suka fi so."

"Na riga na ce mata nata ne. In yi amai in lashe?"

"Da kika faɗa kin san da wannan?" Ta nuna cikin da baki.

Sauda ta yi mata faɗa, ta ce ba ta son irin wannan magana. Amma bayan ta raka ta zaure ta dawo, maganar ta ƙi fita daga kanta. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne Khadijatu ba ƙarya ta yi ba. Ta zauna bakin gado ta ga wata 'yar yarinya a ranta, mai hancin marigayiya Inna, tana goge tasa da toka, sai ta ji zuciyarta ta karkata can, ba ta iya hana ta ba. Tana son ta riƙe tasoshin. Tana kuma jin kunyar son da take yi. Mafita ɗaya ta gani: in namiji ne, shi ke nan, ba ta saɓa wa Inna ba, ba ta saɓa wa yarinya ba.

Ku ji ikon Allah. Matar da ta shekara kusan ashirin tana roƙon mace, ita ce ta koma farautar alamun namiji. An ce mai cikin namiji tsami take kwaɗayi, sai ta aika a sayo mata ɗanyen mangwaro, ta zauna tana ci da gishiri a gaban mutane, haƙoranta na mutuwa, alhali ranta alkaki yake so, alkaki kawai, har mafarkinsa take yi. In za ta tashi sai ta tsaya ta tuna wace ce ƙafar dama. Ta ɗaure zani tamau ta ƙasa ko cikin zai yi tsini. In ɗan ya motsa ta hagu ta yi shiru, in ya motsa ta dama ta kira Juliana ta katanga ta ba ta labari.

Iya Yagana ta kalle ta tana yatsine fuska a kan mangwaro, ta ce, "Saude, ni za ki yi wa wayo? Wannan cin na wahala ne, ba na kwaɗayi ba. Bari in yi miki na gidanmu, wanda ba a yi masa dabara."

Da la'asar aka yi, bayan an ɗauke ruwan sama, tsakar gida na ƙamshin ƙasa. Mata sun taru ana tsintar shinkafar biki. Aka tura Sauda ɗaki aka sa Juliana gadin ƙofa. Iya Yagana ta shimfiɗa tabarma, ta kife faifai biyu iri ɗaya, ɗaya da 'yar wuƙa a ƙarƙashinsa, ɗaya da tandun kwalli. Wanda mai ciki ta ɗaga, shi ne abin da ke cikinta: wuƙa namiji, kwalli mace. Sauda ta fito tana cewa ita fa ba ta yarda da wannan shirme ba. Ta dubi faifan nan biyu, ta yi ƙoƙarin gane wanda ya fi tudu. Ta miƙa hannu wajen na dama, ta fasa, don ta san tsohuwar za ta zaci haka. Ta ɗaga na hagu.

Tandun kwalli ne, yana zaune abinsa.

Guɗa ta tashi har sai da kaji suka watse. "Kande ce! Kande ta zo bayan maza!" Iya Yagana ta miƙe tana taka rawa da tsufanta, tana cewa, "Yau gidan Malam ya samu mace! Saude ta samu mai taya ta aiki, ta samu wadda za ta yi wa jere!" Ba da mugunta ta faɗa ba, ko kusa. Ba wanda ma ya lura. Sauda ce kaɗai ta waiga inda Ruƙayyatu ke zaune da tire a cinya, sai ta ga yarinyar na dariya tana tafi tare da kowa, har tana cewa ita za ta fara yi wa Kande kitso.

Kwanaki kaɗan bayan haka, Sauda ta shiga ɗaki da hantsi ɗauko gishiri, ta tarar da adaka a tsakar ɗaki, Ruƙayyatu na durƙushe tana mayar da tasoshin ɗaya cikin ɗaya. Sun sha guga suna ta ƙyalli. Ta sa tsumma tsakanin kowace da kowace, yadda aka koya mata.

"Me kike yi? Ai da kin bari sai gobe-jibi a haɗa da sauran kaya."

"Na goge su ne kafin in tafi, Inna. Mazan nan ba za su iya ba, ke kuma ga nauyi." Ta rufe adakar ta tura ta ƙarƙashin gado. "A ajiye wa Kande. Ai nata ne, na kakarta."

"Wa ya gaya miki wannan magana?"

"Ba wanda ya gaya mini. Ni ma ina da hankali, Inna. Abin da kika yi mini ko wadda ta haife ni iyakarta ke nan. Kwallata ta ishe ni, wallahi har ta yi yawa."

Tana murmushi ta faɗa, ba hawaye, ba ɗaure fuska. Ta karkaɗe zaninta ta fita ta ci gaba da wanke-wanke, har tana 'yar waƙa.

Kada in yi muku ƙarya, abin da Sauda ta fara ji sauƙi ne. An sauke mata kaya ba tare da ta roƙa ba. Ba ta lashe amanta ba, yarinya ce ta mayar da kyauta da hannunta. Ta aika wa Khadijatu cewa magana ta ƙare, ta daina azabtar da kanta da mangwaro, ta sa aka sayo mata alkaki ta ci har ta gode Allah. Sai dai alkakin bai yi zaƙin da ta zata ba. Wani abu ya tsaya mata a ƙirji, ta ce ƙwannafi ne, Iya Yagana ta ce gashin Kande ne ke fitowa. Ita dai ta san duk lokacin da ta tuna murmushin nan sai abin ya motsa. Da yarinyar ta yi kuka, ko ta yi fushi ta ƙi cin abinci, da ya fi mata. Mazan nan nata, in ka ɗauki ko da tsohon takalmin ɗayansu ka ba wani, sai unguwa ta ji. Ita kuwa ta miƙa abin da aka ce nata ne tun tana ƙarama, cikin ladabi, kamar baƙuwar da ta san lokacin tashi ya yi. Yaushe ta fara sanin haka? Sauda ta kasa tambaya.

Rana ba ta ƙarya. Biki ya kama, gida ya cika, aka sa amarya a lalle, ƙawayenta suka kulle ta a ɗakin baya. Ranar jere a-kori-kura ta tsaya ƙofar gida tun da hantsi. Samari suka yi ta fitar da kaya, gado da katifa, kabad, kwalla da samira a cikin kwali, tukwane, turmi da taɓarya. Gwaggwannin amarya sun zo, Juliana ta naɗe labulayen da ta ɗinka a kafaɗa, Iya Yagana ta rungume kaskon turare kada wani ya fasa mata. Khadijatu ce ke ba da umarni, ta cika alkawari ta kawo kwallarta saiti guda, tana ta nuna wa mutane.

Sauda ta yi wanka ta sa atamfar anko, ta yafa mayafi. Tana cikin neman takalminta Khadijatu ta leƙo.

"Yaya, yi sauri mana, rana na yi. An bar miki gaban mota saboda cikinki. Ke za ki nuna inda za a kafa gado, ke ce matar baffanta, kin fi kowa sanin abin da take so."

Ɗaya daga cikin gwaggwannin ta ce, "Ƙwarai kuwa. Ai mariƙiya ita ke gaba."

Sauda ta sa takalmi ƙafa ɗaya, ta tsaya. Jere nawa ta je a unguwar nan? Ba ta san iyaka ba. Ta hau kujera ta jera kwanukan 'ya'yan maƙwabta, ta yi gardama a kan inda madubi zai zauna, ta dawo da ciwon baya. Kuma a duk jeren nan ba ta taɓa ganin uwar amarya a wurin ba. Uwa gida take zama. Kunya ba ta barin ta taka ɗakin 'yarta, sai dai 'yan'uwa da ƙawaye su je su dawo su ba ta labari, ita kuma ta yi kamar ba ta damu ba. Kowa ya san wannan, ko yaro. Amma ga gida cike da mata, manya da ƙanana, an bar mata gaban mota, kuma ba ko ɗaya da ta ga abin ya yi wani iri. Ita kanta har ta yi kwalliya.

Ta zare takalmin. Ta cire mayafin ta ninke ta ajiye.

"Khadijatu, kira mini samari biyu."

"Me kuma aka manta?"

"Kira su dai."

Suka shigo, ta nuna musu ƙarƙashin gado. Suka jawo adakar suka fito da ita tsakar gida, hayaniya ta ɗan lafa. Sauda ta biyo su ba takalmi, ta dafa ƙugu da hannu ɗaya.

"Juliana, ke nake ba amana. A saman jere za a sa su, babbar a tsakiya, inda duk wanda ya ɗaga labule zai fara gani. Kada a bar yara su taɓa da hannun maiƙo."

Khadijatu ta matso ta rage murya, amma muryarta ko ta rage ana ji a zaure. "Yaya, ba mun gama wannan magana ba? Ita da kanta ta ce ta yafe. In kika haifi macen fa?"

"In na haife ta sai ta yi haƙuri, ƙanwa ce. Ke da kike ƙanwata, Inna ta ba ki ko ɗaya? Babbar take ba. Ni ma babbar na ba."

Iya Yagana ta dubi Sauda, ta dubi ƙofar ɗakin baya, sai ta sa hannu ta rufe bakinta, don sai a lokacin ta tuna abin da ta faɗa ranar faifai. Tsohuwa ce mai saurin ganewa. Ta ce wa samarin, "Me kuke jira? Ku ɗauka a hankali, ba buhun masara ba ne."

"To taho mu tafi," in ji Khadijatu, murya a sanyaye. "Sa takalminki."

"Ina?"

"Jere mana, Yaya."

"Ke Khadijatu, ba ki da kunya ne? A ina kika taɓa ganin uwa ta je jeren 'yarta? Ku tafi abinku. In kun dawo kwa ba ni labari."

Sai babbar gwaggon amarya, wadda ita ce ta ce mariƙiya ke gaba, ta goge ido da bakin gyale, ta rangaɗa guɗa. Sauran suka amsa. Aka ɗora adaka a gaban mota inda aka bar wa Sauda, Juliana ta zauna ta riƙe ta da hannu biyu, a-kori-kura ta tashi da ƙyar ta nufi Gwallaga.

Gidan ya rage daga ita sai tsofaffi biyu da ke gyaran kayan miya. Sauda ta jawo kujera ta zauna a inuwa, ta ɗauki albasa ta fara yanka, don hannunta ya samu abin yi. Sai ta ji motsi a bayanta. Amarya ce ta fito, ƙafafu da hannuwa duk a ɗaure da lalle, tana jan ƙafa da ƙyar, ƙawayenta na kiran ta ta dawo. Ta iso ta durƙusa, ta kifa kanta a gwiwar Sauda. Wannan karon ba murmushi. Kuka take yi sosai, irin na yara, har da shessheƙa, ta kasa cewa komai sai "Inna, Inna."

Sauda ba ta dube ta ba. Ta kau da kai wajen katanga, yadda uwa ke yi wa 'yar fari a gaban mutane, idonta na zuba, ta bar albasa ta ɗauki laifin. Hannunta na hagu ne kawai ya sauka a kan yarinyar ya tsaya.

Ta ce wa tsofaffin, "Ku gaya wa 'yar nan ta tashi ta koma ɗaki. Za ta ɓata lallen, gobe a ce uwarta ba ta iya komai ba."